Wace doka ce ta ba Amurka damar tsare mutum shekara ashirin a Gwantanamo babu tuhuma?

Tambayar ita ce: "Ana cewa har yanzu akwai mutane a Gwantanamo da suka haura shekara ashirin a tsare, ba a taɓa gurfanar da su gaban alƙali ba. Wace doka ce ta yarda da haka? Na kuma ji an ce fursunonin sun yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka, to me ya hana a sake su?"

Malam, duk abin da ka ji gaskiya ne. Sun yi nasara a Kotun Ƙoli har sau huɗu, kuma har yau akwai waɗanda ke tsare babu takardar tuhuma. Abin da suka ci a kotu shi ne damar su shigar da ƙara. Makullin ɗakin kuwa bai taɓa barin hannun gwamnati ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Gwamnatin Amurka ba ta ɗauki waɗannan mutane a matsayin masu laifi da ke jiran shari'a ba. Cewa ta yi mayaƙan abokan gaba ne da aka kama a lokacin yaƙi. A dokar yaƙi, idan ka kama sojan abokin gaba kana iya ajiye shi har a daina faɗa, ba don ka hukunta shi ba, sai don kada ya koma ya sake ɗaukar bindiga. Ba a buƙatar tuhuma. Madogarar gwamnati ita ce ƙudurin da Majalisar Dokokin Amurka ta amince da shi ranar 14 ga Satumba, 2001, kwana uku bayan harin New York da Washington, wanda ya ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja a kan waɗanda suka shirya harin ko suka ba su mafaka. Jimlar da ke ɗauke da izinin ba ta wuce kalma sittin ba, babu maganar tsare mutane a cikinta, babu ranar ƙarewa, babu iyakar ƙasa. A duk Majalisar, Barbara Lee ta jihar Kalifoniya ce kaɗai ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa.

Dokar yaƙin da ta halatta tsarewa ta zo da kariya tare da ita. Yarjejeniyar Jeniba ta uku ta 1949 ta ce a sashe na 5, idan akwai shakka kan matsayin wanda aka kama, sai a kai shi gaban wani zama mai hurumi ya tantance ko wane ne shi. A sashe na 118 kuma ta ce da zarar an daina faɗa a sake shi ba tare da jinkiri ba. Ranar 7 ga Fabrairu, 2002, Shugaba George W. Bush ya yanke cewa 'yan Alƙa'ida ba sa cikin yarjejeniyar, 'yan Taliban kuma ba su cancanci matsayin fursunonin yaƙi ba. An ɗauki ikon tsarewa, an ajiye kariyar gefe. Kuma yaƙi da ƙungiya ba irin yaƙi da ƙasa ba ne: babu wanda zai zauna ya sa hannu a takardar sulhu, saboda haka "har a gama yaƙi" na iya zama har mutuwa.

Zaɓen wurin ma da gangan aka yi. Amurka ta karɓi hayar mashigin Gwantanamo daga Kyuba tun 1903, kuɗin hayar yanzu dala 4,085 ne a shekara, Kyuba ma ba ta karɓa. Takardar hayar ta ce ƙasar ta Kyuba ce, amma cikakken iko da gudanarwa na Amurka ne. Lauyoyin gwamnati sun dogara da wani hukunci na 1950, lokacin da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren wasu Jamusawa da sojojin Amurka ke tsare da su a Jamus, suka ce baƙon da ke tsare a wajen Amurka ba shi da hanyar zuwa kotun Amurka. Kotun Kyuba kuwa ba ta da ikon ko leƙa sansanin. Mutum ashirin na farko sun sauka ranar 11 ga Janairu, 2002, aka zuba su a keji na waya. Jimillar waɗanda suka ratsa ta wurin ta kai kusan 780.

Kada ka ɗauka duka a fagen daga aka kama su. Malaman shari'a na jami'ar Seton Hall sun bi takardun ma'aikatar tsaron Amurka da kanta a 2006, suka gano kashi 5 cikin ɗari ne kawai sojojin Amurka suka kama da hannunsu. Kashi 86 Pakistan ko mayaƙan ƙawancen arewacin Afghanistan ne suka miƙa su, a lokacin da ake raba takardun alƙawarin tukuicin kuɗi ga duk wanda ya kawo ɗan Alƙa'ida. Balarabe baƙo a kan iyaka ya zama haja. Wannan shi ne dalilin da ya sa zaman tantancewa tun farko yake da muhimmanci, kuma shi aka tsallake.

Makamin lauyoyi wata tsohuwar ƙara ce da ake kira habeas corpus da Latinanci, ma'anarta a kawo mutumin. Alƙali zai umarci wanda ke tsare da mutum ya zo ya nuna dokar da ta ba shi dama, in ba zai iya ba ya sake shi. Wanda ke tsare ba zai iya zuwa kotu ba, don haka uba ko mata ko ɗan'uwa ke sa hannu a madadinsa. Wannan mataki mai sauƙi shi ya fara zama cikas, domin gwamnati ta ɓoye sunayen fursunonin. Sai a 2006 ta fitar da jerin sunayen, bayan kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya maka ta a kotu. Kafin lokacin, sai lauya ya bi iyalai ƙasa-ƙasa, Yaman, Kuwait, Saudiyya, ya nemo wanda ya sami wasiƙa ta hannun ƙungiyar Red Cross.

A Fabrairun 2002 wata cibiyar kare haƙƙin tsarin mulki da ke New York, ƙarƙashin Michael Ratner, ta shigar da ƙara a madadin 'yan Birtaniya da 'yan Ostireliya. Ranar 28 ga Yuni, 2004, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Shafiq Rasul, alƙalai shida da uku, cewa kotunan tarayya na da hurumin sauraren fursunonin Gwantanamo. A rana ɗaya ta yanke shari'ar Yaser Hamdi, wanda aka haifa a jihar Luwiziyana, inda Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta cewa halin yaƙi ba ya ba shugaban ƙasa damar yin duk abin da ya ga dama da haƙƙin 'yan ƙasa. Ana yawan ambaton wannan magana, amma a lura da ɗaya ɓangaren hukuncin: kotun ta yarda cewa ƙudurin 2001 ya halatta tsarewa, ko da bai faɗi kalmar ba. Wannan rabin shi gwamnati ke riƙe da shi har yau.

Gwamnati ba ta tsaya ba. Cikin kwanaki ta kafa zaman tantancewa na hafsoshi uku. Fursuna ba shi da lauya, sai wani hafsa da aka kira wakilinsa, wanda ba ya ɓoye masa sirri. Ba ya ganin hujjar da aka rufe a matsayin sirrin ƙasa. Cikin mutum 558 da aka duba, 38 kawai aka ce ba mayaƙa ba ne, kuma akwai inda hafsoshi suka wanke mutum aka kafa sabon zama ya sake duba shi. Sai Majalisa ta shigo: a Disambar 2005 ta yi dokar rage hurumin kotuna. A Yunin 2006 Kotun Ƙoli ta rushe kotunan sojan da Bush ya kafa, a shari'ar Salim Hamdan, direban Usama bin Laden, ta kuma ce sashe na 3 na bai-ɗaya na yarjejeniyoyin Jeniba, wanda ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, ya shafi kowa. Ɗaya daga cikin lauyoyin da suka kayar da gwamnati a wannan shari'a hafsan sojan ruwa ne, Charles Swift, wanda ita gwamnatin ce ta naɗa shi ya kare Hamdan. A Oktoban 2006 Majalisa ta sake yin doka, ta maido da kotunan soja, ta soke ƙarar a-kawo-mutum ga fursunonin baki ɗaya.

Kotun Ƙoli ta fara ƙin karɓar ƙorafi kan wannan doka a Afrilun 2007. A Yuni wani Laftanar Kanal, Stephen Abraham, da ya zauna a cikin zaman tantancewar, ya rubuta shaida da rantsuwa yana bayyana raunin hujjojin da ake dogara da su. Bayan 'yan kwanaki kotun ta janye ƙin da ta yi, abin da ba kasafai take yi ba. Ranar 12 ga Yuni, 2008, alƙalai biyar da huɗu, ta yanke a shari'ar Lakhdar Boumediene cewa tsarin mulki da kansa ya ba fursunonin wannan haƙƙi, Majalisa ba ta isa ta ƙwace shi haka kawai ba. Boumediene ɗan asalin Aljeriya ne da aka kama a Bosniya bisa zargin shirin kai wa ofishin jakadancin Amurka hari. Kotun Bosniya ta ba da umarnin a sake shi da abokan zarginsa biyar saboda rashin hujja, maimakon haka aka miƙa su ga sojojin Amurka a Janairun 2002. Da aka zo gaban alƙali, gwamnati ta janye zancen ofishin jakadancin gaba ɗaya. A Nuwamban 2008 alƙali Richard Leon, wanda Bush ne ya naɗa shi, ya ba da umarnin sakin biyar cikin shidan.

A nan ne ya kamata a tsaya a ga yadda shari'ar take gudana a aikace, domin a nan nasarar ta zube.

Lauya sai ya sami izinin ganin sirrin ƙasa, wanda ke ɗaukar watanni. Idan ya je sansanin ya zauna da wanda yake karewa, duk abin da ya rubuta a takarda ana ɗaukarsa sirri. Zai miƙa takardun, a rufe a ambulan, a aika wani keɓaɓɓen ofishi kusa da Washington, kuma a can kaɗai zai iya karanta rubutun hannunsa har sai masu tacewa sun ba da izini. Gwamnati za ta kawo bayanin dalilan tsarewa, mafi yawansa rahotannin leƙen asiri. Lauya na iya ganin wasu, amma ba zai iya komawa ya ce wa fursuna "wane ne ya ce ya gan ka a wuri kaza" ba. Ka yi tunanin kare mutum daga zargin da ba ka da izinin faɗa masa.

Ma'aunin hujja shi ma ba na shari'ar laifi ba ne. A shari'ar laifi sai an kawar da duk wata shakka mai ma'ana. A nan ya isa alƙali ya ga maganar gwamnati ta fi rinjaye, ko da da kaɗan. Ana karɓar shaidar "an ce", wato rahoton wani jami'i da ya rubuta abin da tafinta ya ce wani fursuna ya faɗa game da wani fursunan. Ba sai an nuna mutum ya harba bindiga ba; ya isa a nuna yana cikin ƙungiyar, kuma kwana a wani gidan baƙi ko bin wata hanyar tafiya na iya zama alama.

Duk da haka, da fari alƙalai sun riƙa duba hujjojin da idon basira. Mohammed el Gharani, ɗan ƙasar Cadi da ya tashi a Madina, yana ɗan shekara 14 aka kama shi a Pakistan. Cikin zarge-zargen akwai cewa yana cikin wani rukunin Alƙa'ida a Landan a 1998, lokacin da shekarunsa ba su wuce 11 ba. Hujjar kusan duka daga bakin fursunoni biyu ta fito, waɗanda jami'an gwamnati da kansu suka nuna shakka kan gaskiyarsu. Alƙali Leon ya ba da umarnin sakinsa a Janairun 2009, aka kai shi Cadi a Yuni.

Sai kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, wadda duk waɗannan shari'u ke bi ta hannunta, ta fara matse hanya. A Yulin 2010, a shari'ar Al-Adahi, ta ce kada alƙali ya auna kowace hujja ita kaɗai, ya haɗa su wuri guda ya duba. A fili wannan magana ce mai kyau, a aikace kuwa raunanan hujjoji goma sai su zama ƙarfafa ɗaya. Binciken Seton Hall ya nuna kafin wannan hukunci fursunoni sun ci 19 cikin ƙararraki 34. Bayansa ɗaya cikin 12, ita ma aka soke ta. Wannan ɗayar ita ce ta Adnan Latif, ɗan Yaman da ya ce neman magani ya fito saboda raunin da ya ji a ka a haɗarin mota. Hujjar gwamnati ta rataya a kan rahoton leƙen asiri guda, alƙali ya ga bai inganta ba ya ce a sake shi a 2010. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dole a fara ɗaukar rahoton gwamnati a matsayin wanda aka rubuta daidai, fursuna ne zai nuna akasin haka. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙorafinsa a Yunin 2012. A Satumban shekarar aka tarar da gawarsa a ɗakinsa, bayan hukumomin gwamnati sun sha ba da shawarar a mayar da shi gida. Yana cikin mutum tara da suka mutu a sansanin. A ganina babban laifin Kotun Ƙoli ke nan: ta kafa haƙƙi a 2008, ta zuba ido ana rage shi ba ta sake cewa uffan kan ma'aunin hujja ba.

Ko ka ci shari'ar, saura fita. Akwai Musulmi 'yan ƙabilar Uighur 22 daga ƙasar Sin, gwamnati ta yarda ba abokan gaba ba ne, amma mayar da su Sin jefa su cikin azaba ne. A Oktoban 2008 alƙali Ricardo Urbina ya ce a kawo 17 da suka rage cikin Amurka a sake su. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke, ta ce shigo da baƙo ƙasa ikon gwamnati da Majalisa ne. Umarnin saki ya koma roƙon gwamnati ta nemo ƙasar da za ta karɓa. Aka watsa su Albaniya, Bamuda, Palau, Suwizalan, Salbado, ukun ƙarshe suka tafi Sulobakiya a Disambar 2013.

Barack Obama ya sa hannu ranar 22 ga Janairu, 2009, cewa a rufe sansanin cikin shekara guda. Kwamitin da ya kafa ya duba mutum 240, ya ware 48 ya ce sakin su haɗari ne, gurfanar da su kuma ba zai yiwu ba. Wato gwamnatin da ta zo rufe wurin ita ta rubuta tsarewa marar wa'adi a takarda. Daga 2011 Majalisa ta hana kashe ko sisi wajen kawo fursuna cikin Amurka, ko don shari'a ko don asibiti. Obama ya tarar da fursunoni 242, ya bar 41.

Hanyar fita da ta rage ita ce kwamitin bita na lokaci-lokaci, wanda aka kafa a 2011 amma bai fara zama ba sai Nuwamban 2013, bayan yajin cin abincin da fursunoni sama da 100 cikin 166 suka shiga, ana ɗaure wasu a kujera ana ɗura musu abinci ta bututu a hanci. Wakilan hukumomi shida ke zama: tsaro, harkokin waje, shari'a, tsaron cikin gida, ofishin daraktan leƙen asiri, da hafsan hafsoshi, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Ba su tambayar ko tsarewar halal ce. Tambayarsu ko mutumin barazana ne har yanzu. Don haka lauya mai wayo ba ya zuwa da gardamar abin da ya wuce. Yana kawo wasiƙar iyali, shirin sana'a, wurin zama, shaidar ladabi a sansani. Tarkon shi ne kwamitin na son ganin nadama, wanda kuma ya dage cewa bai yi komai ba sai a ce ba ya faɗin gaskiya. Bayan amincewa saura yarjejeniya da ƙasar da za ta karɓa, sa hannun sakataren tsaro, da sanar da Majalisa kwana 30 kafin tafiya. Mohamedou Ould Slahi na Muritaniya ya ci shari'a a 2010, aka soke hukuncin a ɗaukaka ƙara, ta wannan kwamiti ya fita a Oktoban 2016. Sami al-Hajj, ɗan Sudan mai ɗaukar hoto na Aljazira, shi ma ba kotu ce ta sake shi ba a Mayun 2008, matsin lamba ne da diflomasiyya bayan fiye da shekara yana yajin cin abinci.

Za ka ce waɗanda ake da hujja a kansu fa? Azabtarwa ce ta lalata shari'arsu. Rahoton Majalisar Dattawa na Disambar 2014 ya tabbatar an yi wa Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, azabar kwarara ruwa a fuska sau 183 a gidajen sirri na hukumar leƙen asirin Amurka, CIA. Kowace hujja sai an yi shekaru ana gardama ko daga can ta samo asali. A Agustan 2023 alƙalin soja ya yi watsi da iƙirarin Abd al-Rahim al-Nashiri, wanda ake zargi da harin jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Cole, saboda tabon azaba. An karanta wa waɗanda ake zargi da harin 11 ga Satumba tuhuma a 2008, aka sake a 2012. A ƙarshen Yulin 2024 aka cimma yarjejeniyar su amsa laifi a cire hukuncin kisa, bayan kwana biyu sakataren tsaro Lloyd Austin ya soke ta, a Yulin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa. Iyalan waɗanda suka mutu a harin su ma ba su sami hukunci ba.

Mai karatu a Najeriya ya san wannan ciwo ba na Kyuba kaɗai ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, kuma ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙin ɗan'adam sun ba ɗan'uwa ko ƙungiya damar shigar da ƙara a madadinsa. Amma dubban waɗanda ake zargi da alaƙa da Boko Haram sun shafe shekaru a barikin Giwa na Maiduguri da Kainji kafin a fara shari'ar taro a Oktoban 2017. Abin da lauyoyin Gwantanamo suka fara yi shi ne abin da iyali ya kamata su fara yi: a rubuta cikakken suna, rana da wurin kamu, rundunar da ta kama, da sunayen waɗanda suka gani, tun kafin a manta.

Saura hujjar ƙarshe, cewa yaƙin ya ƙare. Wani fursuna, Moath al-Alwi, ya kawo ta, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi a 2018, ta ce gwamnati da Majalisa ke faɗin ƙarshen yaƙi. Amurka ta janye daga Afghanistan a Agustan 2021, gwamnati ta ce faɗa da Alƙa'ida na nan a wasu wurare, ƙudurin 2001 kuma ba a soke shi ba. A Janairun 2025 aka tura 'yan Yaman 11 zuwa Oman, saura mutum 15: biyu an yanke musu hukunci, bakwai shari'arsu na gaban kotun soja, uku an amince a sake su ana jiran ƙasa, uku kuma babu tuhuma babu izinin fita. Cikin ukun ƙarshen nan akwai Abu Zubaydah, wanda aka kama a Faisalabad a Maris na 2002, aka yi masa azabar ruwa sau 83. Kotun Turai ta haƙƙin ɗan'adam ta ci Polan tara a 2014, da Lituweniya a 2018, saboda sun bari an ɓoye shi a ƙasashensu. Amurka ba ta taɓa karanta masa tuhuma ba.